RA'AYI: Kafin mu saya wa yaranmu shayin rage tumbi, mu fara leƙa tukunya

Wata rana da yamma na shiga gidan ƙanwata a nan unguwar Abdulkafi, cikin birnin Sabha, na tarar ta tasa ɗanta gaba da soso da sabulu. Yaro ɗan shekara 15, har ya fi ta tsawo, amma ta danne masa kai tana dirzar wuyansa kamar mai wanke tukunyar da ta kama.

"Yaya, don Allah dubi wuyan yaron nan," ta ce da ni. "Kullum sai ya yi wanka, amma dauɗa ta ƙi fita."

Shi kuma kansa a sunkuye ya ce, "Kawu, wallahi ina wankewa."

Da na duba sai na ga wani baƙi mai kauri ya zagaye bayan wuyan, idan ka taɓa da laushi kamar karammiski. Akwai irinsa a hammatarsa. Washegari muka kai shi wani asibiti, likita ya kalli wuyan sau ɗaya ya ce mana wannan ba dauɗa ba ce, ko shekara za a yi ana dirza ba za ta fita ba. Alama ce da fata ke bayarwa cewa jiki ya fara ƙin jin maganar insulin, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya kai shi inda za a ƙona. Aka ɗora shi a ma'auni, ya haura kilo 90. Aka gwada jini, likita ya ce ciwon suga bai kama shi ba tukuna, amma yana tsaye a bakin ƙofa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo baya. Kwana biyu da dawowarmu sai ga ƙanwata da wata leda mai hoton siririyar mace a jiki. Shayin rage tumbi ne, ta gani a Facebook, ta aika aka kawo mata da kuɗi masu ciwo. Ba ta rage sukarin gidan ba, ba ta taɓa katan ɗin lemon da ke cikin firji ba. Ta sayo magani. Kuma ban ga laifinta sosai ba, domin yawancinmu abin da za mu yi ke nan.

Ba gidanmu kaɗai ba ne

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a shekarar 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce ƙima, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibar ta kai matsayin cuta. A 1990 kashi 2 cikin ɗari ne kacal na masu waɗannan shekaru ke da irin wannan ƙiba, zuwa 2022 sun kai kashi 8. Wato ta ninka sau huɗu a tsawon rayuwar mutum ɗaya da bai ma tsufa ba. A watan Satumban 2025 kuma asusun UNICEF ya fitar da rahoto cewa a karon farko, a duniya baki ɗaya, yaran makaranta da matasa masu ƙiba sun fi masu rama yawa.

A nan Libiya matsalar ta daɗe. Binciken da aka yi a ƙasar a 2009 tare da WHO ya nuna kusan mutum uku cikin goma na manya suna fama da ƙiba. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san dalili. Gwamnati ta shafe shekaru da dama a baya tana tallafa wa farashin fulawa da sukari da mai da shinkafa da taliya, har suka zama su ne abinci mafi araha. Baki ya saba, tukunya ta saba. Mu Hausawan da muka zo daga Agadez da Damagaram da Maraɗi da Kano, da waɗanda aka haifa a nan tun kaka da kakanni, mun faɗa cikin wannan sabo ba tare da mun lura ba.

Ka dubi ranar matashi ɗaya a unguwarmu. Da safe burodi ne da kifin gwangwani da harisa, a kora da lemo. A makaranta biskit da cakulan da wani lemon. Da rana makarona da aka dafa cikin mai da tumatirin gwangwani, a haɗa da burodi. Da la'asar shayi mai kumfa, zagaye uku, kowane da sukarinsa. Da dare a sake burodi, ko a fita a sayo shawarma da soyayyen dankali. Tsakanin wannan da wancan kuwa waya ce a hannu. Zafin Sabha a bazara yana wuce digiri 40, ba mai fita da rana. Shekarun da aka yi ana fama da rashin tsaro sun sa iyaye sun saba kulle yara a gida, kuma wa zai ga laifinsu? To amma jiki ba ruwansa da uzuri, abin da aka zuba masa bai ƙona ba, ajiyewa yake yi.

Bari mu yi lissafi kaɗan. Gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato kimanin ƙaramin cokali tara. Yaron da ke shan biyu a rana ya sha giram 70. A wata kilo biyu da ɗoriya. A shekara ya haura kilo 25, rabin babban buhun sukari ke nan, a lemo kaɗai, ba a sa na shayi ba. Alhali shawarar da WHO ta bayar tun 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu a rana, in ma da hali a tsaya ƙasa da kashi 5, wato wajen giram 25, cokali shida. Gwangwani ɗaya ya riga ya tsallake wannan. Wace uwa ce za ta ajiye wa ɗanta rabin buhun sukari ta ce ya cinye? Babu. Amma idan aka narka shi aka sanyaya, da hannunmu muke miƙa masa.

Mene ne abinci mai aiki biyu?

Yanzu akwai wata magana da ta shiga bakin masana da 'yan kasuwa, ta abincin da ke aiki biyu: ya ƙosar da kai, ya kuma taimaka wa jiki ta wata fuska, kamar rage kitsen jini ko daidaita suga ko gyara hanji. Maganar ta samo asali ne daga Japan a shekarun 1980, kuma a 1991 gwamnatin ƙasar ta kafa tsarin tantance irin wannan abinci, ta yadda kamfani ba zai rubuta wa kayansa wani amfani ba sai ya kawo hujja. A wurinmu babu mai tantancewa. Kowa ya ɗaura gari a leda ya kira shi mai narkar da kitse, ya sa hoto, ya sa lambar waya.

Yawancin waɗannan shayin, idan ka bincika, ganyen filasko ne a ciki ko danginsa, wanda Larabawa ke kira sanamakki. Aikinsa shi ne ya sa ka gudawa. Ka hau ma'auni ka ga kilo ɗaya ko biyu sun tafi, ka yi murna, alhali ruwan jikinka ne ya zube, kitsen yana nan daram. A garin da ake zafi irin na Sabha, ka sa yaro zawo kullum da sunan magani, ai ganganci ne. Shi kansa koren shayi da ake ta zuzutawa, wani babban nazari da cibiyar Cochrane ta fitar a 2012 ya nuna nauyin da yake ragewa kaɗan ne ƙwarai, bai kai a dogara da shi ba. Ballantana namu da muke dafawa da sukari har ya yi danƙo.

Abin dariya, abin kuma takaici, a gida Najeriya da Nijar 'yan matanmu na shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi ƙiba, wasu kuma na shan filasko don su rame. Kasuwa ɗaya ce ke cin kuɗin duka biyun.

To ina abinci mai aiki biyu na gaskiya yake? Yana cikin tukunyar da muka baro. Ɗauki sha'ir. Mutanen Libiya da shi suke tuƙa bazin, da shi suke yin zummita, yana shiga basisa. A cikinsa akwai wani irin zare mai yauƙi, beta-glukan, wanda ke sa abinci ya daɗe a ciki, suga ya shiga jini a hankali, yunwa ta yi jinkirin dawowa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince tun 2006 a rubuta a jikin kayan sha'ir cewa giram 3 na wannan zare a rana na taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya. Abin da Bature ke saya a kwali da tsada, ga shi a kasuwar Sabha ana aunawa.

Ɗauki gero da dawa, waɗanda ba baƙi ba ne ko a nan Fezzan. Majalisar Ɗinkin Duniya sai da ta ware shekarar 2023 sukutum a matsayin shekarar gero da danginsa, mu kuma yaranmu suna ganin tuwon dawa abincin ƙauye ne. Ɗauki wake, da adas, da hummus ɗin da maƙwabtanmu ke ci: suna gina jiki, suna riƙe ciki. Ɗauki zogale da rama da yakuwa da kuka da kuɓewa da lalo, wanda a nan ake ce wa mulukiya. Ɗauki nono da kindirmo marar sukari, da gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi duk wani gari da za a sayar maka a leda.

Amma a nan ne nake so a saurare ni da kyau. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke narkar da kitse. Amfaninsu shi ne su karɓi gurbin wani abu. Idan yaro ya ci ɗanwake da safe, ya daɗe bai nemi burodi ba, to ɗanwaken ya yi aiki. Idan kuwa ya ci ɗanwaken yana iyo cikin mai, ya ɗora burodi, ya kora da lemo, to ƙari aka yi. Fura da nono abinci ne mai kyau, amma furar da aka zuba wa cokali biyar na sukari ta zama ƙanwar lemo. Haka zoɓo, haka kunun aya, haka basisar da aka kwaɓa da mai da zuma. Dabinon Fezzan abin alfahari ne, uku ko biyar sun isa, amma faranti guda da ruwan dabinon da ake malala wa asida sukari ne tsagwaronsa. Kada wani ya ce ai na gargajiya ne, ba ya cutarwa. Jiki bai san gargajiya ba, adadi ya sani.

Ilimi, ba gori ba

Wannan ne ya kawo mu ga abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci, wato koyarwa. Mu a wurinmu koyar da yaro mai ƙiba shi ne a yi masa gori. "Tulu." "Buhu." "Kai ba ka ƙoshi ne?" A gaban baƙi, a gaban ƙannensa. Ban taɓa ganin yaron da gori ya ramar ba. Abin da na gani shi ne yaro ya daina ci a gaban mutane ya koma ci a ɓoye, ya daina fita ƙwallo don kada a yi masa dariya, yarinya kuma ta shiga horar da kanta da yunwa har ta jawo wa kanta wata cutar. Kuma mu tuna, akwai gado a cikin ƙiba. Yara biyu za su ci kwano ɗaya, ɗaya ya ƙi ƙiba, ɗaya ya kumbura. Ba kowane mai ƙiba ne malalaci ba.

Koyarwa kuma ba lacca ɗaya ba ce. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a jagorar da ta fitar a watan Janairun 2023, ta ce shirin da ya fi yin tasiri shi ne wanda ya haɗa yaro da iyayensa, ido da ido da masana, na aƙalla awa 26 cikin wata 3 zuwa 12. Ka ji fa, awa 26, tare da iyaye. Mu kuma likita ya yi mana magana ta minti biyar, mu dawo gida mu ce yaro ya ƙi jin magana.

Me za a koya wa matashi? Ya iya juya kwalba ya karanta giram nawa ne na sukari a ciki, ya raba da huɗu ya san cokali nawa ke nan. Ya san yadda ake raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kwata tuwo ko shinkafa ko makarona, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama. Ya san lemon zaƙi guda da zai ɓare ya ci ya fi wanda aka matse aka sa a kwali. Ya san jikinsa na buƙatar motsi na aƙalla minti 60 a rana, kamar yadda WHO ta ce ga 'yan shekara 5 zuwa 17, da barci na awa 8 zuwa 10, domin mai kwana kan waya yana tashi da yunwar zaƙi. Ya kuma san cewa shi mai girma ne, ba a son ya zubar da kilo goma a wata. Sau da yawa abin da likita ke nema shi ne nauyin ya tsaya ko ya sauka sannu a hankali, tsawo kuma ya ci gaba.

Sannan a koya wa gida gaba ɗaya. Ba zai yiwu a dafa wa yaro zogale shi kaɗai a gefe ba, uba na zaune da kwalbar lemo, ƙanne na cin cakulan. Wannan horo ne, kuma yaro zai ɗauke shi a matsayin horo. Uban da ke cefane shi ne ke yanke abin da zai shiga firji. Maza, wannan magana tamu ce, kada mu jingina ta ga mata.

Na san abin da wasu za su ce

Wani zai ce, malam, mu da muka zo ci-rani muna neman na burodi, kai kana maganar faranti kashi uku? Gaskiya ne, burodi da makarona sun fi komai araha, kuma ba kowa ke da kuɗin kifi da 'ya'yan itace kullum ba. Amma mataki mafi girma a wannan tafiya ba ya cin ko dirhami: a daina sayen lemo, a rage sukarin shayi. Kuɗin katan ɗaya na lemo zai sayi wake ko adas da kabeji da karas na kwanaki. Shayin rage tumbin da ƙanwata ta saya kuwa, kuɗinsa ya isa cefanen ganye na mako biyu.

Wani kuma zai ce, ana fama da tamowa a Katsina da Maraɗi, yara na mutuwa da yunwa, kai kana kukan ƙiba? Ban manta da su ba, 'yan uwanmu ne, can muke aika abin da muka samu. Amma matsalar ɗaya ce mai fuska biyu, wato rashin abinci mai kyau. Yaron da ya cika ciki da fulawa da sukari yana iya zama mai ƙiba kuma jininsa bai isa ba. Ciwon suga idan ya kama ɗan shekara 20, ya kama shi ke nan, da allura da gwaji da fargabar ƙoda da ido. Ga ɗan ci-rani da ba shi da cikakkun takardu, wa zai ɗauki wannan nauyi?

Akwai kuma masu jin labarin allurar rage ƙiba irin su Wegovy, wadda Amurka ta amince a yi wa 'yan shekara 12 zuwa sama a ƙarshen 2022. Magani ne na gaskiya ga waɗanda ƙibarsu ta yi tsanani, amma a hannun likita, da tsada, kuma tare da gyaran abinci. Ba abin da za a saya ta WhatsApp a soka wa yaro ba ne.

Kiran da nake yi

Ga shugabannin al'ummarmu a Abdulkafi da Gurda da Mahdiyya da Manshiyya da sauran unguwanni: kamar yadda muke haɗuwa don biki da rasuwa, mu haɗa iyaye mata da matasa ko sau biyu a wata, a nemo ma'aikacin lafiya ya zauna da su, da Hausa, a auna tsawo da nauyi, a dafa abinci tare. Jami'ar Sabha tana da tsangayar koyon likitanci, ɗalibanta za su iya wannan aiki idan an gayyace su. Ga masu makarantu: ku dubi abin da ake sayar wa yara a shagon makaranta, ku sa ruwan sha a inda yaro zai samu kyauta. Ga malamanmu: kun fi kowa sanin abin da addini ya ce game da cika ciki, ku riƙa tunatarwa.

Ga hukumomi kuwa, a nan da can gida, wasu ƙasashe sun nuna hanya. Meziko ta sa haraji a kan lemon zaƙi a 2014. Chile ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a jikin kayan da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa a 2016. Birtaniya ta fara nata harajin a 2018, kamfanoni da dama suka rage sukarin da kansu. Najeriya ta sa naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021, amma da yadda farashi ya tashi, wa ke jin naira 10 yanzu?

Shi kuwa ɗan ƙanwata, mun zubar da ledar shayin. Uban ya daina shigo da katan ɗin lemo, an yi rigima ta mako biyu, ƙannen ma har da kuka. An koma kunun gero da ƙwai ko wake da safe, bazin ko tuwo da miyar ganye sau uku a mako, makarona ta koma rabin abin da ake zubawa da. Bayan sallar isha, idan gari ya yi sanyi, yana fita ƙwallo da yaran layi. Wata bakwai ke nan. Bai zama siriri ba, kilo shida kawai ya sauke, ya kuma ƙara tsawo. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo gaishe ni, ya ja wuyan rigarsa ƙasa ya ce, "Kawu, duba." Baƙin ya fara washewa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk mai matashi a gida, yau ya dubi bayan wuyansa, ya kuma buɗe firjinsa ya duba. Allah Ya ba yaranmu lafiya, Ya sa mu dace.